Kafin allon yabo, a ba Malama takardar naɗi da ikon sa hannu

Duk shekara idan 5 ga Oktoba ta zagayo, ranar malamai ta duniya, za a cika zauren taro, a yi anko, a kira wasu malamai mata a miƙa musu allon yabo ana tafi. Haka ma ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Ba na ƙin wannan, wanda ya yi aiki ya cancanci a ce masa sannu. Sai dai washegari wata daga cikinsu za ta koma makarantar da take riƙe da ita shekara da shekaru a matsayin riƙon ƙwarya, ba takardar naɗi, ba alawus ɗin muƙami, kuma idan za a cire kuɗin gyaran rufi daga asusun makaranta sai ta jira wani ya ga dama. Allon yana rataye a bangon ofis, ikon yana aljihun wani.

A can sama an ɗan motsa. A 2023 Bauchi ta naɗa Dokta Jamila Mohammed Dahiru kwamishinar ilimi, Gombe kuma ta naɗa Aishatu Umar Maigari a kan wannan kujera. Abin a yaba ne. Amma kwamishina mutum ɗaya ce, makarantu kuwa dubbai ne a ƙananan hukumomi 20 na jihar Bauchi, daga Toro zuwa Zaki. Yarinyar da ke aji huɗu a wani ƙauye na Ganjuwa ba ta san sunan kwamishina ba. Wanda ta sani shi ne mai tsayawa gaban asambuli da safe, kuma a yawancin makarantun karkara namiji ne.

Idan an tambayi dalili, amsar da ake bayarwa a ofis ita ce: ba a samu macen da ta cancanta ba. Sau da yawa gaskiya suke faɗa, domin a ranar da ake tantance sunaye an riga an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda ake zubar da mata yana can baya, shekara goma ko fiye kafin a fara maganar shugabanci.

A duba yadda tsanin yake. Mai NCE yana shiga aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. Daga nan zuwa mataki na 14 ƙa'ida ita ce shekara uku tsakanin ƙarin girma da ƙarin girma, kuma ba a bi ta mataki na 11. Ke nan malamar da ta shigo da NCE tana buƙatar ƙarin girma shida, shekara 18, kafin ta taka 14, idan komai ya tafi a kan lokaci, abin da ba kasafai yake faruwa ba. A nan kuma mai NCE yakan tsaya, sai in ya ƙaro digiri. Wannan lissafin bai bambanta mace da namiji ba. Bambancin yana cikin ayyukan da ba a rubuta su a takardar albashi.

A kowace sakandare akwai ƙananan ayyuka da shugaba yake rabawa da baki ko da ɗan guntun rubutu: wanda zai tsara jadawalin darussa, jami'in jarrabawa mai hulɗa da WAEC da NECO, shugaban sashen kimiyya ko harsuna, mai kula da sito, sakataren taron malamai, mai cike fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara. Akwai kuma wani kashi: kula da ɗakin kwanan 'yan mata, kicin, ɗakin shan magani, kwamitin walwala mai tara kuɗin suna da gaisuwar mutuwa, tarbar baƙi ranar rabon kyaututtuka. Kowa ya san wa ake ba kashi na farko, wa ake ba na biyu. Ba wai na biyun ba shi da nauyi ba ne. Wadda ta taɓa kwana a asibiti da ɗalibar da zazzaɓi ya kayar da tsakar dare ta san nauyinsa. Amma ranar da aka zauna zaɓen mataimakin shugaba mai kula da karatu, tambayar da ake yi ita ce: wa ya taɓa haɗa jadawali? Wa ya san yadda ake rajistar ɗalibai a intanet, a tura makin gwaji kafin a rufe shafi? Malamar da ta shekara goma tana lissafin buhunan shinkafa da galan na manja ba ta da amsa, alhali ta fi kowa sanin kasafi.

Haɗa jadawali ba sihiri ba ne, amma sai an zauna an yi. A ɗauki ƙaramar sakandare mai aji tara da darasi takwas a rana: gurbi 360 ke nan a mako. Malamin lissafi ɗaya ne ko biyu, ba zai shiga aji biyu a lokaci guda ba. Darasin gwaje-gwajen kimiyya yana son gurbi biyu a jere. Juma'a gajeriya ce. Malama mai shayarwa tana son a bar mata wani lokaci fili. Wanda ya warware wannan sau biyu ya san kowane malami da ƙarfinsa da ha'incinsa, ya kuma koyi cewa a'a ga wanda ya girme shi. Makarantar shugabanci ke nan, kuma kyauta ce. Abin da nake ganin ya kamata ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, su yi mai sauƙi ne: a fitar da umarni cewa waɗannan ayyuka su riƙa zagayawa duk shekara biyu, a ba da su a rubuce, kwafi ya shiga fayil ɗin malami, kuma sufeto idan ya zo ya nemi ganin jerin waɗanda suka riƙe su a shekaru biyar da suka wuce. Idan ya ga sunan mutum ɗaya a kan jarrabawa tun fil azal, ya tambayi dalili. Galibi dalilin ba ƙwarewa ba ce kaɗai, harkar jarrabawa akwai ɗan abin da ke ɗigowa.

Sai maganar digiri. Shekarun da namiji yake komawa karatu, daga wajen 27 zuwa 38, su ne shekarun goyo da raino ga mace. Dokar ƙwadago ta ba da hutun haihuwa na mako 12, kuma a ƙa'ida hutun ba ya hana ƙarin girma. Abin da yake hanawa shi ne tafiya wani gari zangon karatu guda, a bar jariri da miji da surukai. Malamar Azare tana da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a ƙofar gida, ta cikin Bauchi tana da jami'ar ATBU da kwalejin Kangere a kusa, ta Gombe tana da kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, da jami'ar jiha. Ta Burra ko ta Gamawa fa? Akwai karatun lokacin hutu da na nesa irin na cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da jami'ar karatu daga gida, NOUN, amma kuɗin rajista da na mota daga albashin mataki na 8 ake cire su. Idan da gaske ake, a ware wa mata kaso bayyananne a cikin gurbin hutun karatu da albashi, a liƙa jerin sunayen waɗanda suka samu a allon sanarwa na ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Abin da aka yi a ɓoye shafaffu da mai ne suke cinye shi.

Jihar Bauchi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tana cikin jihohin da aka gudanar da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda zangonsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022. A ƙarƙashin wannan shiri an ɗauki nauyin 'yan matan karkara su yi NCE bisa sharaɗin su koma yankunansu su koyar, an kafa ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu, an kuma kafa ƙungiyar manyan mata masu fafutuka da ake kira HiLWA. Waɗanda suka fara cin gajiyar tallafin NCE ɗin, waɗanda aka ɗauka aiki a cikinsu, yanzu sun kai shekarun da za a ba su makaranta. Su ne 'yan ƙasa, suna da gida da dangi a ƙauyen, ba sa buƙatar a nema musu masauki. Sakataren ilimin da ya ce ba shi da macen da zai naɗa hedimasta, a tambaye shi ina waɗannan suke.

Wannan ya kawo mu ga canjin wurin aiki, makamin da aka fi kashe wa mata gwiwa da shi ba tare da an ɗaga murya ba. Za a ce wa malama an ba ta shugabanci, amma makarantar tana nesa da gidanta da tafiyar awa biyu a kan babur, da damina kuma sai an tsallake rafi. Gidan malamai ya rushe tun tuni, ba rijiya, ba makewayi mai ƙofa. Mijinta yana aiki a cikin gari. Ta ce ba za ta iya ba, sai a rubuta cewa an ba ta ta ƙi, a riƙa kafa hujja da ita a kan sauran mata. Namijin da aka tura wurin shi ma ba kwana yake yi ba, yakan leƙa Litinin da Laraba, sauran ranaku mataimaki ya ji da su, amma shi ba a cewa ya gaza. Gyaran a nan na tsari ne. Naɗin farko ya kasance cikin gundumar da malama take zaune ko wadda mota ɗaya za ta kai ta. A bayyana guraben da suka buɗe kafin ƙarshen zango na uku, kowa ya zaɓi uku, maimakon a ji sunaye a rediyon baka mako guda kafin komawa hutu. Inda kuma makarantar kwana ce ta 'yan mata, gidan shugaba a cikin harabar makaranta, da katanga da fitila da masu gadi da ake biya a kan lokaci, shi ne sharaɗi na farko. Bayan sace ɗalibai mata a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 ba wanda zai ɗora wa mace ɗaruruwan 'ya'yan mutane a fili fetal sannan ya ce tsoro ne ya hana ta karɓa.

Riƙon ƙwarya kuwa ya zama wurin ajiye mata. Shugaba ya yi ritaya, mataimakiyarsa ta karɓi makulli, kowa ya san ita ke tafiyar da komai, amma takarda shiru. Illar ba ta tsaya ga alawus ba. A zo da safe a gani. Ƙarfe takwas saura kwata Malama ta ɗauki jan biro ta ja layi a littafin sa hannu, ma'ana duk wanda ya zo bayan nan ya makara. Takwas da rabi wani malami da ya girme ta a shekaru, ya kuma fi ta ɗaurin gindi a sakatariya, ya jingine babur, ya shigo ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" ya karɓi biro ya cusa sunansa a saman layin. Ta ce, "Malam, ai an ja layi." Ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, ai duk riƙo muke yi." Ya gama magana. Idan ta rubuta masa takardar tuhuma, ya san ba za ta wuce teburin sakataren ilimi ba. Sauran malamai suna kallo, kuma daga ranar sun san jan layin ado ne. Ya kamata a sa wa riƙo wa'adi, wata shida misali, bayan nan ko a tabbatar da mutum ko a rubuta masa dalilin ƙi. Kuma takardar tuhumar farko da sabuwar shugaba ta aika ofis, a amsa ta cikin mako biyu a rubuce. Wannan amsa guda ta fi bita goma a otal amfani.

Kuɗi ma haka. Tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, aka zo da kwamitin kula da makaranta na al'umma, SBMC, wanda ya haɗa mai gari ko wakilinsa, malaman addini, iyaye, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai da masu sana'a, shugaban makaranta kuma yakan zama sakatare. Tallafin gyaran makarantu, irin wanda ake bayarwa a shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ke tallafa wa, ta asusun wannan kwamiti yake bi. A takarda tsari ne mai kyau. A aikace, sau da yawa ana yanke shawarar a ƙofar gidan mai gari bayan sallar isha'i, inda mace ba za ta je ta zauna ba, da safe a kawo mata takardar cire kuɗi a ce ta sa hannu. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo suka tarar da kwano mara kauri da siminti da aka cika wa yashi, sunanta ne a rubuce. Shugabar da ke son tsira da mutuncinta ta riƙe abu huɗu kam: taro a cikin makaranta da rana, a rubuta abin da aka tattauna kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a nemo farashi daga wurin 'yan kasuwa uku kafin a sayi komai, a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a bangon ofis inda iyaye za su gani. Hakimi ko dagacin da ke son taimaka mata, babban abin da zai yi shi ne ya tako da ƙafarsa zuwa taron farko a makarantar, ya ce a gaban jama'a, "Malama ce shugaba, abin da ya shafi makaranta a same ta." Magana ɗaya daga bakinsa tana rufe bakin mutum hamsin.

Akwai masu kawo hujjar addini, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji su ba. Sukan ambaci hadisin da ya zo lokacin da Farisawa suka naɗa 'yar Kisra sarauta, mai cewa mutanen da suka damƙa al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba. Malamai da dama sun fassara shi a kan shugabancin ƙasa baki ɗaya, kuma shugabancin makaranta aiki ne na wakilci a ƙarƙashin hukuma, da dokoki da masu duba aiki a sama. Ban da haka, tarihinmu ya riga ya yi magana. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru a ƙarni na 19, ta naɗa jajis, mata masu jagorantar karatun mata a garuruwa da ƙauyuka, kuma ba da baki kawai ta naɗa su ba: takan ba jaji malfa da rawani, alamar da kowa zai gani ya san wannan da izini take tafe. Ta fahimci cewa aiki ba ya tafiya sai da shaidar iko. A yau ma Islamiyyun matan aure nawa ne mata ke riƙe da su a unguwannin Bauchi da Misau da Jama'are, ga makarantun ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, ba wanda ya ce an saɓa? Mutumin da ya yarda matarsa ta yi karatu a ƙarƙashin malama da yamma, ban ga abin da zai sa ya ƙi 'yarsa ta yi a ƙarƙashin wata da safe ba. Hasali ma iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar yarinyar da ta fara girma a makaranta idan sun san akwai babbar mace a wurin, wadda yarinya za ta iya gaya wa abin da ba za ta gaya wa namiji ba, kama daga al'ada zuwa malamin da ke yawan kiranta ofis.

Wata hujjar ita ce ta cancanta: kada a naɗa mace don kawai mace ce. Na yarda ɗari bisa ɗari, domin naɗin jeka-na-yi-ka mata yake fara cutarwa. Matar wani babba da aka ɗora a kan babbar makarantar cikin gari ba ta taɓa riƙe ko sashe ba, idan ta gaza sai a ce ga irinta nan, mata ba sa iyawa. Amma masu wannan magana su yarda a auna kowa da mudu ɗaya. A tallata gurbi. A faɗi sharuɗɗa: matakin albashi, rajistar hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, shekarun koyarwa, ayyukan da aka riƙe. A yi ganawa da kwamitin da akwai mata aƙalla biyu a ciki, domin mace ɗaya a tsakiyar maza shida takan zama 'yar kallo. A ba kowa aiki a hannu: ga rajistar aji, gano yaran da suka fara ɗauke ƙafa, ga littafin kuɗi, nuna inda lissafi ya karkace, shiga aji ka kalli darasi na minti 40 ka faɗi abin da za ka gaya wa malamin. A hana tambayoyin da ba a yi wa namiji, irin su ko maigida ya amince, ko yara nawa ne a gida. Ina da yaƙinin idan aka bi wannan hanya, waɗanda za su fi shan wahala su ne masu zuwa da katin ɗan siyasa, maza da mata.

Lambar yabon ma a gyara ma'auninta. Yanzu wadda ake gani ita ake karramawa, wato ta babbar makarantar da ke bakin titi, mai fenti, wadda baƙi ke ziyarta. Hedimastar da ta karɓi makaranta mai aji shida da malamai uku, ta bi gida-gida da ƙungiyar iyaye mata ta dawo da 'yan matan da talla ta ɗauke, ba mai kai sunanta. A auna da abin da ya canja a hannun mutum: yara nawa ta tarar suna zuwa, nawa suke zuwa yanzu, a ƙirga kai a ranar kasuwa ba a rajista ba, 'yan mata nawa daga aji shida suka shiga ƙaramar sakandare, kwana nawa malamai suka yi fashi. Kyautar kuma ta zama abin da zai ƙara mata tsawo a aiki, kamar gurbin kwas a cibiyar horar da masu tsara da tafiyar da ilimi, NIEPA, da ke Ondo, ko hutun karatu, ko kujera a kwamitin da ke tantance sababbin shugabanni. Atamfa da agogon bango sun isa haka. Ƙungiyoyin shugabannin sakandare da na firamare, ANCOPSS da AOPSHON, da ta malamai, NUT, su ma su dubi kansu: muƙamin da aka saba bar wa mace a zaɓensu shi ne ma'aji ko jami'ar walwala, kashi na biyu dai da aka saba.

Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a aiki, tana da fuska biyu a duk inda aka aiwatar da ita. Ta ba macen da raino ya jinkirta ƙarin shekara biyar da za ta iya kaiwa kujera, amma ta kuma tsawaita zaman waɗanda ke kai, guraben suka ragu. Saboda haka lissafin ya zama dole. Fom ɗin ƙidayar makarantu da ake cikewa duk shekara yana ɗauke da bayanan malamai, har da jinsi da takardun karatu, kuma ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma ya san shekarar da kowane hedimasta zai ajiye aiki. Aikin yini guda ne a kwamfuta a fitar da shafi ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma: makarantu nawa, mata nawa ke shugabanci, nawa ne a cikinsu ke riƙon ƙwarya kuma tun yaushe, kujeru nawa za su buɗe nan da shekara uku, da sunayen malamai matan da suka kai matakin da za su nema. Wannan shafin ya kamata kwamitin ilimi na majalisar dokokin jiha ya nema a ajiye masa a kan tebur kafin ya saurari kasafin SUBEB na shekara mai zuwa.